Gore, Zanzibar ko Sao Tome: wane tsibiri za ka kai iyali daga Legas?

Wata Lahadi bayan la'asar muna zaune a falon Yaya a Agege, sai ya miƙo mini wayarsa da hoton wani tsibiri kore shar. Ya ce, "Kai da ka yi yawo, duba min wurin nan. An ce nan kusa da mu yake. So nake in kwashi yara da Hajiya mu yi mako guda, su ga teku, su kuma ga tarihi." Sao Tome ne a hoton. Ban kai ga buɗe baki ba Hajiya ta dakata da jan carbi, ta ce in dai da ita za a hau jirgi, to a bi da ita ta Kaulaha. Babbar 'yar Yaya kuwa, wadda ke aji biyar na sakandare, ba ta da zance sai Zanzibar, don ƙawayenta sun cika mata ido da hotuna.

Allah ya sa duka ukun na taka su. Senegal, inda Kaulaha da tsibirin Gore suke, na je ziyara sau biyu, Zanzibar na je da iyalina, Sao Tome kuma aiki ne ya kai ni na yi kwana shida. Abin da na faɗa wa Yaya a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, saboda mutum takwas zai ɗauka, daga tsohuwa mai ciwon gwiwa har auta ɗan shekara huɗu, kuma magidanta da yawa a Legas irin lissafin da ke gabansu ke nan.

Taswira tana da yaudara. Daga Legas zuwa Sao Tome bai kai kilomita 800 ba, Dakar ta kusa 2,500, Zanzibar kuwa ta haura 4,000. Amma in ka zo yankan tikiti sai ka tarar na kusan shi ne mai nisa. Sao Tome sai ka fara faɗawa wata ƙasa, kamar Accra ko Libreville, ka jira jirgin da ba kullum yake tashi ba, in kuma ya kuɓuce maka sai kwana a otal da yara biyar. Dakar ana samun jirgi kai tsaye in an dace da rana, ko a yada zango a Lome ko Abidjan. Zanzibar akasari ta Adis Ababa ko Nairobi ake bi, tafiya ce mai cin wuni da dare, amma jiragen a kai a kai suke.

Maganar takardu ma haka take. Senegal tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya da fasfonsa kawai zai shiga, ba biza. Tanzaniya kuwa ta sa fasfonmu cikin waɗanda sai an nemi izini an amince tun kana gida, ba a buga maka a filin jirgi, kuma amsar takan ɗauki makonni. Kada ka kuskura ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin izinin kowa ya fito, har na jariri. Ƙari a kan haka, tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 ga babba, ko da kana da wata daga gida. Sao Tome ba ta cikin ECOWAS, ita ma sai an nemi izinin shiga kafin a tashi. Katin rigakafin shawara kuwa kowa ya riƙe nasa, ko ina za a nufa.

In fara da Gore, tunda ita ce a hanyar Hajiya. Ɗan tsibiri ne a gaban tashar jiragen ruwan Dakar, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa bai kai 400 ba. Jirgin fito babba ne mai hawa biyu, ba irin ƙananan da muke shiga daga Ikorodu ba, kuma cikin minti ashirin an isa. Wannan kaɗai ya sa na fi natsuwa da shi in akwai tsohuwa a tafiyar. A riƙe fasfo a hannu, ana dubawa kafin a shiga. Tun a cikin jirgin mata masu shaguna za su fara jan ki da hira, Hajiya, su tambayi sunanki, su ce kada ki manta da su in an sauka. Ba sa mantuwa, ko bayan awa huɗu za su kira ki da sunan.

Babu mota ko ɗaya a Gore. Lunguna ne na yashi, gidaje ja da ruwan ɗorawa, furanni sun zubo ta kan katanga. Wanda ya saba da hayaniyar Oshodi sai ya ji kunnensa na neman wani abu da ya ɓace. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa a 1444, mutanen Holan suka karɓe suka raɗa masa sunan da ya zama Gore, Faransa ta ƙwace a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776. Matakala biyu ne suka lanƙwasa suka hau bene inda masu gida ke zama, a ƙarƙashinsu ɗakuna masu duhu, na maza daban, na mata daban, na yara daban, da wani ɗan kurkuku a gindin matakala na masu taurin kai wanda babba ba zai iya miƙewa a ciki ba. A ƙarshen wani siririn soro sai ƙofa ta buɗe kai tsaye kan duwatsu da teku. Na tsaya a bakin ƙofar nan, bayana duhu, gabana haske mai kashe ido, ba abin da ake ji sai ruwa na dukan dutse. Wani dattijo da muka shiga tare ya ɗaga hannu ya yi Fatiha, muka shafa.

Amma a faɗi gaskiya, masana tarihi da yawa suna ganin bayin da suka fita ta wannan gida ba su kai yawan da masu rakiya ke faɗa ba, kuma an fi kwasar mutane ta wasu tashoshin gaɓar Afirka. Ni ban ga hakan ya rage wa wurin nauyi ba, sai dai yana da kyau uba ya sani kafin yaro mai karatu ya ƙure shi. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. A nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar Faransa, wanda filin jirgin Dakar ke ɗauke da sunansa. A nan kuma makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1938, wadda ta yaye irin su Houphouet-Boigny da Modibo Keita da Hamani Diori na Nijar. Akwai tsohon masallaci a gindin tudu yana kallon teku, sallar azahar ba za ta ba ku wahala ba.

Aibin Gore ɗaya ne: wuni guda ya ishe shi. Kafin la'asar yara sun zagaye shi, sun hau tudun da tsofaffin igwa suke, sun yi wanka a ɗan bakin ruwan da ke kusa da matsayar jirgi, sun fara tambayar sai kuma ina. Wanda ya ce zai yi mako a Gore zai ƙare da ƙirga kyanwoyi. Don haka tafiyar Gore tafiyar Senegal ce: kwana uku a Dakar, wuni ɗaya a tsibiri, sannan a ɗauki hanyar Kaulaha, kusan kilomita 190, a yi ziyara a Madina Baye. Alaƙar Shehu Ibrahim Inyass da Kano ta faro tun haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, kuma har yau in ka shiga Madina Baye sai ka ji Hausa na tashi ta ko'ina, ba za ka rasa mai yi maka jagora ba. Abinci ba abin tambaya ba ne, ƙasar Musulmi ce, ga shinkafa da kifi da suke kira cebu jen, wadda ko yaro mai tsirfa ba ya ture ta. Faransanci da Wolof ne kaɗai za su ɗan takura, sai kuma zafin Kaulaha, wanda ko Basakkwace sai ya nemi inuwa.

Zanzibar wani abu ne daban, nan ne hutu na sosai. Tsibiri ne babba, mako guda ba ya ƙare shi. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, lungu ne cikin lungu kamar cikin birnin Kano, ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, masallaci kusan a kowace kwana, mata da hijabi, dattawa da hula suna shan gahawa a dakali. Uwargidana ta ce tunda muka fara fita waje ba ta taɓa zuwa inda ba a bi mayafinta da kallo ba sai nan. Yara kuma suka mayar da harshen Suwahili abin wasa, suna farautar kalmomin da suka yi kama da namu: sabuni, kalamu, dunia, habari, Alhamisi, Ijumaa. Da magariba a gangara Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi da tsire ana matse rake da citta. A tambayi kuɗin kowane tsinke kafin a ci, ɗan Legas ba sai an koya masa wannan ba.

Tarihinta ya fi na Gore sarƙaƙiya. Fotugal ta yi kusan shekara 200 tana iko, Larabawan Oman suka kore ta a 1698, daga baya Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita nan, aka cika tsibirin da gandayen kanumfari da bayi ke nomawa. Ingila ta mayar da shi ƙarƙashin kariyarta a 1890. Ranar 27 ga Agustan 1896 jiragen yaƙinta suka yi wa fadar Sarki Khalid ruwan wuta, yaƙin bai kai minti 45 ba aka gama, shekara bakwai ke nan kafin su iso ganuwar Kano. An ba da 'yanci a Disamban 1963, aka yi juyin juya hali mai zubar da jini a Janairun 1964, cikin Afrilu aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya.

Inda nake so magidanci ya shirya zuciyarsa shi ne tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873 zamanin Sarki Barghash, bisa matsin Ingila, aka gina babbar majami'ar Angilika a filin. Ana sauka da baƙi wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa masu gajeren rufi, a waje kuma akwai rami da gumakan mutane a tsaye da sarƙa a wuya. Muna fitowa aka kira sallar azahar a masallacin da ke maƙwabtaka, sai 'yata, lokacin tana da shekara tara, ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, su ma masu sayar da bayin suna salla?" Na rasa ta cewa. A Gore za ka iya nuna Bature ka wuce. A Zanzibar manyan fataken bayin, irin su Tippu Tip wanda gidansa ke nan cikin gari, Musulmi ne, kuma daga nan tambaya ta gaba ita ce ta rinji da kasuwannin bayi na ƙasar Hausa. Mun yi wannan hirar a kan dakali muna shan ruwan kwakwa, ban gama amsa ta ba har yau. Ni a wurina wannan ne ya fi komai daraja a tafiyar, amma wanda ba ya son irin wannan zance da 'ya'yansa gara ya sani tun yanzu.

Ƙananan yara kuwa kunkuru ne nasu. A tsibirin Changuu, kamar rabin awa a ƙaramin jirgi, akwai manyan kunkurai da aka kawo daga Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara 100, ana rubuta shekarun a bayansu da fenti. An gina kurkuku a wurin a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cuta. Jirgin ƙarami ne kuma yana rawa, kada a shiga sai an ga rigar kariya ta kowa, kuma ban ba da shawarar a sa mai ciwon gwiwa ba. Ga gonakin kayan ƙamshi inda yaro zai ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin itacensu, ga dajin Jozani mai jajayen birai.

Sai a kula da zaɓen bakin teku. Arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ya fi daɗin wanka don ba ya janyewa da nisa, amma nan ne matattarar Turawa, da shigar da Hajiya ba za ta iya kallo ba, da kiɗa da giya har dare. Gabas, wajen Jambiani, ƙauyuka ne na Musulmi masunta, mata na noman ciyawar teku, sai dai ruwan yakan janye ya bar fili fetal na awoyi, wanka sai an bi lokacinsa. Da iyali na fi son gabas, a kama gida sukutum mai ɗakin girki maimakon ɗakuna huɗu a otal. Ko da hakan, Zanzibar ta fi Senegal cin aljihu in an haɗa tikiti da biza da inshora.

Sao Tome fa? Kyau kam Allah ya yi mata. Daji ne har bakin ruwa, ga wani dutse a kudu, Pico Cao Grande, da ya miƙe sama kamar taɓarya, ga ɗan tsibirin Rolas inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa, yaro ya sa ƙafa ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Babu kowa a cikinta lokacin da Fotugal ta iso wajen 1470. Bayi aka kawo suka noma rake, har wani bawa mai suna Amador ya jagoranci babban bore a 1595. Daga baya aka koma koko, a farkon ƙarni na 20 tana cikin na gaba a duniya wajen fitar da shi, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Cape Verde da Mozambik da sunan kwantiragi, aikin da bai da maraba da bauta, har kamfanin Cadbury ya daina sayen kokon a 1909. A Fabrairun 1953 'yan mulkin mallakar Fotugal suka yi wa 'yan ƙasar kisan kiyashin da ake kira na Batepa, 'yanci kuma sai 12 ga Yulin 1975. Gandayen nan, da suke kira rosa, suna nan da asibitocinsu da layin dogonsu da gidan mai gandu a kan tudu, daji yana cinye su, jikokin leburori na zaune a ɗakunan kakanninsu. Mu ma muna da ɗan rabo a tarihin, don daga nan jiragen agaji suke tashi da dare zuwa Uli a lokacin yaƙin Biyafara.

To amma kwana shida na yi ina cin kifi da ayaba, saboda naman alade ya yi yawa, yankan halal kuma sai da bincike. Musulmi 'yan kaɗan ne, in ka bar babban gari ba za ka ji kiran salla ba. Fotugis ake yi, Turancinka ba zai kai ka ko'ina ba. Hanyar kudu tana girgiza ƙashi, kuɗi sai ka riƙo yuro a hannu, in kuma ciwo ya yi tsanani waje ake fitar da mutum. Na ce wa Yaya ya ajiye ta sai samarin gidan sun girma, su je su uku da jaka a baya.

Abin da ya fi yanke hukunci, wanda mutane ke mantawa, shi ne kalandar makaranta. Dogon hutun Agusta ya faɗa tsakiyar daminar Dakar, ga zafi ga gumi, alhali lokacin ne Zanzibar take bushe da iska mai sanyi, Sao Tome ma rani take. Hutun Disamba kuwa Dakar ce da daɗi, ba ruwa, ga sanyin teku, Zanzibar kuma zafi da cunkoson baƙi da tsadar masauki. Hutun Afrilu kada ma a yi tunanin Zanzibar, daga Maris zuwa Mayu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Saboda haka mai tsohuwa da ƙananan yara da hutun Disamba a hannu, Senegal. Mai yara da suka kai shekara takwas zuwa sama, da kuɗin da ya tara, da haƙurin jiran biza, ya nufi Zanzibar a Agusta.

Akwai kuma abin da na ƙara wa Yaya wanda ya sa ya yi dariya. Na ce kafin ya canza naira ko ɗaya wurin 'yan canji, ya zuba kowa a mota ranar Asabar, a bi ta Iyana-Iba a wuce Alaba Rago a je Badagry. A shiga kurkukun bayi na Seriki Abass, a ga tsohon benen da aka gina a 1845, a haye ruwa zuwa tsibirin Gberefu, a taka yashin nan har bakin teku inda ake loda mutane. Ta wannan gaɓar, Badagry da Legas da Porto-Novo, aka fitar da Hausawan da suka ƙare a Bahia ta Brazil, inda tun 1807 suke ƙulla wa iyayen gijinsu bore. In ana neman ƙofar da namu suka bi, ta fi kusa da Agege fiye da Dakar. Kuma a wuni ɗaya za ka gane wa ke amai a jirgin ruwa, wa ke kuka in an shiga ɗaki mai duhu, da ko gwiwar Hajiya za ta ɗauki tafiyar yashi.

Mun je Asabar ɗin da ta biyo baya. Auta ya yi barci tun a Agbara, Hajiya ta ƙi shiga kwalekwale ta zauna a inuwa tana jiranmu, babbar 'yar kuma ta cika waya da hotuna ba ta ambaci Zanzibar ba sai a hanyar dawowa. Yaya ya ce mata in ta gama jarrabawar fita sakandare da sakamako mai kyau za a duba. Yanzu dai fasfo uku ne suka ƙare aiki, ciki har da na Hajiya, kuma ita ce kullum da safe take kira ta ce, "An kai takardun kuwa? Disamba fa ba nisa."